Kunnen Baba Mai Gyara

Shekara talatin da huɗu Baba Mai Gyara ya yi yana gyaran kayan kiɗa a wani shago kamar akurki, tsakanin tela da mai walda. Benci ɗaya, gwangwanin gam, tsirkiyoyi rataye a ƙusa. Amma mutumin akwai kunne! In ka kawo kaya ko kallo ba ya yi. Sai ya juya ya fuskanci bango ya ce, "Ba ni sauti ɗaya." Kafin ka sauke hannu ya gaya maka ciwon.

Yakan ce wa 'yarsa, mai kawo masa abincin rana, "Sauti ba ya tafiya shi kaɗai. Akwai uwa mai kauri, akwai 'ya'ya sirara a samanta. Goge da sarewa suna iya haɗa uwa ɗaya, a 'ya'yan ake rabewa. Sarewa ba ta da yawan haihuwa, goge kuwa gida cike."

To, 'ya'yan nan tsufa ya fara kwashe masa. Komai ya koma masa dishi-dishi. Ya zagi tsirkiyar zamani, ya zagi katakon zamani, ya riƙa kankare jikin gita yana neman zaƙin da ke nan daram, har kaya su fito suna tsuwa kamar ƙyauren da ba a sa wa mai ba. Masu kawo gyara suka janye ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya iya faɗa masa. Likita ne ya faɗa: siraran sautuka sun tafi, ba sa dawowa. Baba ya ninke takardar likitan ya danne da gwangwanin gam. Tsoro yake ji, don ban da kunnen nan bai ajiye komai ba.

Saura mutum ɗaya, wani malamin kiɗa da ya girma a hannunsa. Ran nan ya shigo da jaka, 'yar tana zaune. Baba ya juya bango. Malamin ya ja sauti ɗaya, dogo, a hankali.

"Sarewar nan taka ta tsage," in ji Baba.

Da ya juyo sai ya ga goge a kafaɗar malamin.

'Yar ta yi wuf ta ce, "Baba, ƙarar walda ce ta hana ka ji."

Baba ya leƙa waje. Mai walda bai ma buɗe ba, ga kwaɗo a ƙofarsa. Ya koma kan benci ya ce, "Malam, kai shi wani wuri."