Gwiwar Baba a Takardar Lokotoro

Shekara talatin Baba ya yi yana hawa tsani da bulo a kafaɗa a Tamanrasset, tun zuwansa daga Damagaram, har gwiwarsa ta dama ta cinye. A farkon shekarun dubu biyu aka kai shi wani asibiti can arewa, aka cire ƙashin da ya lalace aka sa masa na ƙarfe. Ya dawo da dogon tabo kamar zif ɗin riga, da kuma wata ƙara. Duk takun da ya yi sai gwiwar ta ce ƙas. Mukan tsokane shi, mu ce yanzu kam ba shi da damar yi mana laɓe.

Ni ce babbar 'yarsa, ni ce kuma na yi lekkol, wato boko, don haka ni ke raka shi wurin lokotoro, likitar gwiwa. Wata Balarabiya ce siririya mai tabarau, tana saukowa daga arewa sau ɗaya a shekara tana bin sawun waɗanda aka yi wa irin wannan aiki, don a san ko ƙarfen yana zama da mutane lafiya. Takan auna lanƙwasar ƙafar, ta sa shi ya taka daga ƙofa zuwa taga, ya durƙusa kamar mai sujada, ta cike wata takarda mai layi-layi. Ita ta tambaya da Faransanci, ni in juya.

Shekarar farko komai lafiya. A ta biyu gwiwar ta fara kumbura, in ka taɓa kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Ƙarar ma ta sake. Da tsakar rana, lokacin da unguwa kan yi tsit ko akuya ba ka ji, ina kan keken ɗinkina sai in ji shi yana ratsa tsakar gida zai yi alwala: ƙas, sai shiru, sai wani ɗan nishi da yake zaton ba mai ji. Sallah kuwa a kan kujera yake yi, ya turo ƙofa.

Da takardar kiran lokotoro ta iso na ce masa wannan karon sai mun faɗa mata gaskiya.

"Ki gaya mata mi?" ya ce. "Mutanen nan ba su san uwata ba, ba su san ubana ba, suka wuni tsaye a kaina. Sannan in je in dubi idonta in ce aikinsu bai yi ba?"

"Baba, ciwo ne fa. Ba kyauta ba ce da za a ce ka raina."

"Ɗiyata, wanda aka gaishe shi da jiki, sauƙi yake cewa. Haka na taras."

Raina ya ɓaci sosai, don ni ba ni da haƙuri irin na uwata. Amma ya yi kunnen uwar shegu da ni. Kwana uku yana naɗe gwiwar da tsumma jiƙe da ruwan randa, yana shan ƙwayoyi biyu-biyu, yana koyon tafiya a tsakar gida kamar mai shirin fareti. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon ubana yana haddace tafiyar mai lafiya.

Ranar muka shiga taksi muka je. Wallahi ban taɓa ganin ya yi tafiya mai kyau irin ta ranar ba. Ƙofa zuwa taga, ƙas, ƙas, ƙas, daidai wa daida. Ya durƙusa, goshinsa ya taɓa siminti, ya miƙe bai dafa komai ba. Ni kaɗai na ga gumin da ke bin bayan kunnensa. Lokotoro ta taɓa kumburin ta ɗaure fuska, shi kuwa ya ce ƙofar taksi ce ta buge shi. Ta tambaya ko yana jin ciwo, ko zazzaɓi.

"Lahiya lau," ya ce. "Sai godiya."

Ta juyo gare ni da biro a hannu. Faransanci yana bakina, Baba ba ya jin ko kalma ɗaya, da na faɗa ba zai sani ba sai daga baya. Sai ya ɗago ya dube ni, kallon nan na uba. Na juya mata abin da ya ce, ban ƙara ba ban rage ba. Ta yi murmushi, ta ce a cikin tsofaffinta babu kamarsa.

Wata huɗu bayan nan zazzaɓi ya kwantar da shi. Ko da muka kai shi asibiti, gwiwar ta ruɓe, ruɓar ta shiga jini. Masu wanka suka ce ƙafar ta ƙi miƙewa, haka aka sa shi a likkafani da ƙarfensa.

Shekara ta zagayo, takardar kira ta sake zuwa da sunansa. Na tafi ni kaɗai, da niyyar in amayar da komai. A kan bencin jira na tarar da wani tsohon Buzu mai lambu a ƙauyen Tit, abokin Baba, riƙe da sanda. Ya ce shi ma za a yi masa aikin gwiwar, ai marigayi ya ce masa ya yi, ba wani ciwo.

Lokotoro ta buɗe takardun. Ga shi nan a rubuce da hannunta: yana tafiya ba sanda, yana sujada, ba ya jin ciwo. Mutumin yana ƙarƙashin duwatsu wata takwas, amma a nan yana nan garau, kuma da wannan takarda za a lallashi wasu. Na ce mata ya rasu. Ta cire tabarau ta yi min ta'aziyya, sannan a hankali ta tambaya ko gwiwar ce.

Na buɗe baki. Abin da na ji ya fito shi ne, "Kwana ne ya ƙare."

Ta rubuta, ta rufe.

Na fito na wuce tsohon, ya ce yaya, na ce lafiya lau. Dogon barandan nan ba kowa, rana tsaka, takalmina na roba ne ba ya ƙara. Amma tun daga ƙofar lokotoro nake jin ƙarar nan a bayana, ƙas, ƙas, ƙas, daidai wa daida, irin tafiyar da Baba ya koya don ranar. Ban waiwaya ba. Kunyarsa nake ji, kuma har yau ban san ko don na yi shiru ba ne, ko don na so in yi magana.