Idon Goggo Mai Keke

Goggo Mai Keke, yayar mahaifina, a kan keken ɗinki ta tsufa. Da mijinta ya rasu, hannu ya fara rawa, zare ya daina shiga allura, sai babban ɗanta ya ɗauko ta ya ajiye a gidansa kamar tsohuwar kujera. Tunani ya sa ta gaba, jininta ya hau.

Wata ma'aikaciyar asibiti ce ta ba ta shawara ta samu fensir da takarda, ta kalli abu ɗaya da kyau, ta zana abin da idonta ya gani, ba abin da ta sani ba. Goggo ta ce da tsufanta za a mayar da ita aji ɗaya. Amma ta gwada. Ta fara da buta, sai takalmin ɗanta da ya cinye ta gefe guda. Zanen ba kyau, gaskiya, butar ma ta fi kama da agwagwa. Sai dai in tana kallon nan, numfashinta kan daidaita, hankalinta ya kwanta. Har ƙiba ta yi.

Rannan ta zauna zana jikarta, jaririya, tana barci a tabarma. Ta daɗe tana bin kunnen yarinyar da ido, surukarta na leƙe daga kicin. Washegari yarinya ta tashi da zazzaɓin fitar haƙori, amma wa zai tsaya jin wannan? Surukar ta ce tsohuwa ta cinye mata 'ya da ido, ga shaida a takarda. Maƙwabta kuwa, kowa ya tuno ranar da Goggo ta kalle shi.

Ɗan nata, sakarai, ya zuba musu ido. Aka ƙone takardun, aka mayar da ita ɗakin ajiya mara taga. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Na kai mata fensir a ɓoye. Ta nuna min wata tsaga a bango, ta ce, "'Yata, wannan ma ta ishe ni. Kullum sai na ga sabon lungu a jikinta."

Surukar ta kama ta tana kallon bangon, ta ce yanzu kuma gidan take so ta rushe musu. Aka kira magini ya shafe tsagar da siminti, ya bi da farin fenti.

"Mama, an gyara miki ɗaki," in ji ɗan. "Ko an gode ba ki ce ba."

Ta ce an gode.