Aikin Da Na Sa Wa Baɗi

Akwai kalmomi uku da na faɗa a gaban mutane shekara ashirin da 'yan kai da suka wuce, waɗanda da ana iya haɗiye magana bayan ta fita, da tuni na haɗiye su. Akwai kuma kalma ɗaya da na sa aka rubuta mini a waya bayan na tsufa. Ita ce ta hana ni gyara ukun farko tun gyaran yana da amfani.

Mu biyu ne maza a ɗakinmu, ni da wana. A wani ƙauye kusa da Fakku, cikin ƙasar Kebbe, muka tashi. Da aka zo neman yaran da za a sa makarantar boko, ni aka bayar don ni ne ƙarami. Yaya ya haɗa kiwona da nasa, ya haɗa kuyyata da tasa a gona, bai taɓa yi mini gori ba. Firamare kaɗai na gama, amma ta isa ta samar mini aikin masinja a sakatariyar ƙaramar hukuma a Tambuwal. Na sami kaki da keke, na fara jin kaina wani abu.

Wata ranar kasuwa cikin damina Yaya ya zo gari, ya biyo ta wurin aikina. Yana sanye da malafa, caɓi har ƙwaurinsa, yana rungume da ƙwarya cike da ƙwan zabi da aka jera cikin ƙaiƙayi don kada su fashe. Ya san ina son ƙwan zabi tun ina yaro. Ma'aikata suna zaune a baranda ana hira. Wani akawu mai son ba'a ya dube shi daga sama har ƙasa, ya tambaye ni wane ne wannan baƙo nawa.

Na ce, "Mutumin garinmu ne."

Yaya yana tsaye kusa da ni, ya ji. Ya ajiye ƙwaryar a kan benci a hankali, ya ce in gaida gida, ya juya. Da can duk zuwan da zai yi sai ya kwana wurina. Ran nan bai ko sha ruwa ba.

Ba mu yi faɗa ba, shi ya sa ba wanda ya shiga tsakani. In an yi rasuwa a ƙauye nakan je, mu gaisa kamar kowa, in koma a ranar. Sau ɗaya tak ya taɓo maganar, ranar sadakar bakwai ta wani kawunmu. Ya miƙo mini hannu, ya ce sannu da zuwa mutumin garinmu. Na yi dariyar yaƙe, na wuce. Kullum ina gaya wa kaina zan je in zauna gabansa in nemi gafara, zuwa na musamman wanda ba gaisuwar mutuwa ta kai ni ba. In na haɗu da direban da ke zuwa wajensu ɗaukar albasa, sai in ba shi saƙo: a gaya wa Yaya baɗi in Allah ya kai mu ina nan tafe.

Na yi ritaya, na koma gonar da na saya a hanyar Sanyinna. Ɗiyata ta fari, wadda ke aikin jinya a Sakkwato, ta lura ina manta maganin hawan jini. Ta sayo mini babbar waya irin ta shafawa, ta sa mini wata manhaja ta tsara ayyuka. Aikin manhajar mai sauƙi ne. Ka rubuta abin da za ka yi, ka sa masa rana, in ranar ta zo wayar ta yi ƙara ta tuna maka. In ka gama ka dangwala da yatsa, sai ta ja wa aikin layi. Da magani muka fara. Da ɗiyata ta ga na saba, sai ta ce in ta zo hutun farkon shekara za mu zauna mu tsara shekarar gaba ɗaya, kamar yadda suke yi a wurin aikinsu.

Haka aka yi. Muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida da hantsi, tana riƙe da wayar, ni ina faɗa. Ta ce kada in kawo babban buri a dunƙule, in farfasa shi ƙanana. Da na ce ina so in cika rumbu biyu da gero, sai ta raba shi: kai taki gona, sharar gona, gyaran iri, shuka, noman fari, maimai, gyaran rumbun da gara ta ci. Da na ce ina so in sauke Alƙur'ani sau biyu, ta raba mini shi izu-izu a kan makonni. Har allurar shanuna huɗu ta shiga.

Wurin sa rana muka sha dariya. Ni ban saba lissafi da watannin bature ba in ba na albashi ba. In ta tambaye ni yaushe, sai in ce in ruwa ya sauka, ko bayan babbar Sallah, ko in an ɗebe gero. Ita kuma ta ce wayar ba ta jin wannan yaren, lamba take so. Ta riƙa dubawa tana kintata mini ranaku. Na ce mata to ta gaya wa hadari ya riƙa duba wayar shi ma kafin ya taso. Ta ce in ruwa ya makara akwai wurin ɗage rana, ta nuna mini.

Da muka zo ƙarshe ta tambaya ko akwai saura. Na ce ta rubuta: zuwa wurin Yaya. Ita ba ta san abin da ya faru a sakatariya ba, ban taɓa gaya wa kowa ba, har mahaifiyarta. Ta rubuta, ta ɗago kai.

"Wace rana za a sa, Baba?"

"Sa baɗi."

"Baba, waya ba ta san baɗi ba."

"Ni na sani. Rubuta hakanan."

Da ta ga babu gurbin da zai karɓi kalmar a wajen kwanan wata, sai ta rubuta ta a cikin sunan aikin. Ya zama: Baɗi zuwa wurin Yaya. Gurbin rana ya zauna fayau. Manhajar tana ajiye irin wannan aiki can ƙasa, ƙarƙashin duk masu rana, kuma ba ta taɓa yin ƙara dominsa.

Shekarar nan na yi aiki yadda ban taɓa yi ba. Taki ya isa gona kan lokaci. Hawan jinina ya sauka. Na sauke Alƙur'ani sau biyu har da ɗori. Na kamu da son layin nan da wayar ke ja, har nakan ƙirƙiri ƙaramin aiki, kamar wasa lauje, don kawai in dangwala. A majalisarmu ta ƙofar masallaci abokai suka sa mini suna sakataren kansa. Wani tsohon direba ya ce ko atishawa zan yi sai na duba ko ranarta ta yi. Ina jin daɗin ba'ar, don a cikinta akwai yabo.

Wani lokaci yatsana yakan zarce ƙasa, in ga layin Yaya. In karanta, in ga bai ƙaryata ni ba. Baɗi ya ce, mu kuwa muna cikin bana. Da sabuwar shekara ta shigo, ɗiyata ta kwashe abin da ya rage ta mayar cikin sabon tsari. Shi kaɗai ne ya rage. Ya shigo da sunansa yadda yake, kuma ranar da ya shigo ma baɗi yake cewa. Duk ranar da ka karanta wannan kalma, gobenta ba ta iso ba.

A zama na uku ɗiyata ta tsaya a kansa. Ta ce, "Baba, baɗin nan taka shekara ukku ke nan ba ta zo ba. In sa mata Juma'a mai zuwa?" Na ce ta bari, hanya ba kyau, kuma ga aikin albasa. Ta dube ni irin duban da take yi wa majinyacin da ya ce ya sha magani alhali bai sha ba, amma ɗiya ce, ba ta ƙara ba.

Yanzu da nake tunani, na gane abin da nake yi a lokacin. Da can, kafin waya, maganar Yaya takan taso mini ba shiri, ina cikin alwala ko ina kan keke, ta hana ni sukuni. Da na rubuta ta, sai ta daina. Na ji kamar na ɗauki mataki, tunda ga ta nan a rubuce cikin jerin ayyukan mutum mai cika aiki. Tsoro ne ya hana ni sa rana. Ina tsoron in durƙusa gaban wana in maimaita kalmomin nan da bakina, shi kuma ya dube ni.

Cikin daminar shekara ta uku direban albasa ya tsaya ƙofar gidana. Ya ce matar Yaya ta ce a gaya mini jikin mijinta ba daɗi, ba ciwon kwanciya ba ne, hankalinsa ne ke tafiya yana dawowa. Ko a nan sai da na ƙara kwana goma sha biyu. Wayar ta nuna maimai da zuba takin zamani a makon, na ce bari in ja musu layi tukuna. Wannan kwana goma sha biyun ba ni da wanda zan ɗora wa.

Na shiga mota zuwa Kebbe, daga nan na hau babur ɗan kabu-kabu, muna ratsa ruwa da laka. Na isa bayan azahar. Matar Yaya, wadda tun tana amarya muke wasa da ita, ta tare ni a zaure. Ta ce lale da masinja, saƙon ya yi shekara nawa a hanya? Ta yi dariya, amma idonta ya cika. Ta nuna mini gindin darbejiyar tsakar gida.

Yana zaune kan buzu yana tufka igiya, ga wasu a tare gefensa, sun fi yawan shanun da suka rage masa. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Na cire takalmi na durƙusa, na gaishe shi. Ya amsa da fara'a sosai, ya tambayi hanya, ya tambayi ruwa a wajenmu. Sannan ya ce, "Wa na?"

"Ni na, Yaya. Ƙanenka."

Ya girgiza kai yana murmushi, kamar mai gyara wa baƙo kuskure. "A'a. Ƙanena shina Tambuwal, aikin gwamnati shika yi. Ya aiko baɗi shina zuwa." Ya ƙura mini ido. "Kai dai kamar na san ka. Mutumin garinmu na, ko?"

Ba da gayya ya faɗa ba. Matarsa ta ce haka yake tambayar kowa yanzu. Na ce masa e, mutumin garinku ne. Duk da haka na faɗi abin da ya kawo ni. Na ba shi labarin baranda da akawu da ƙwaryar ƙwai, tun daga farko, matarsa tana tsaye tana ji. Na ce kunya na ji in nuna shi wana ne a gaban mutane, shi da ya yi kiwo don in yi karatu. Na roƙe shi ya yafe mini. Ya saurara har na gama, hannunsa bai bar igiyar ba.

Ya ce, "Bawan Allah, ba ka yi min komi ba. Amma in don wanga na, na yahe. Allah shi yahe muna."

Irin yafiyar da ake yi wa wanda ya taka maka ƙafa a kasuwa ce. Na karɓa, don ita ta rage.

Na kwana biyu. Da zan tafi ya ji an ce Tambuwal za ni, sai ya kira matarsa ya ce ta duba inda zabi suka yi ƙwai. Ta jera su a ƙwarya cikin ƙaiƙayi. Ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce in taimaka in kai wa ƙanensa, yana son su tun yana yaro, in tambaya a sakatariya kowa ya san shi. Na rungume ƙwaryar a kan babur har Kebbe, ko ɗaya bai fashe ba.

Da na dawo na gaya wa ɗiyata komai ta waya. Ta koya mini yadda ake sa aiki mai maimaita kansa. Yanzu duk bayan mako biyu, ranar Asabar, wayar takan yi ƙara tun da safe, in kama hanya. Yaya yana raye. Wata rana ya ɗauke ni mai sayen shanu, wata rana malamin allurar dabbobi. Nakan zauna in riƙe masa bakin igiya yana tufka, yana ba ni labarin ƙanensa. Bai taɓa faɗin mugun abu a kansa ba.

Tsohon layin yana nan a ƙasan jerin. Ban ja masa layi ba, don wanda na yi niyyar zuwa wurinsa ban same shi ba. Ban kuma goge shi ba.

Ina ganin mutane da yawa yanzu, har tsofaffi irina, suna tsara shekararsu a waya. Abu ne mai kyau, ya gyara mini gona da lafiya. Roƙona ga mai karanta wannan ɗaya ne. In ka zauna tsara taka, ka gangara can ƙasa ka duba abin da ka bari ba rana. In sunan mutum ne a wurin, kada ka yi yadda na yi. Ka sa masa rana ta kusa, da lambarta da watanta, ka bar wayar ta yi ƙara, ka tashi ka tafi tun yana iya gane fuskarka.