Manol Terziev, Mai Ciyar da Ungulayen Farin Dutse (1934–2009)

Haihuwa da asali

An haifi Manol Terziev ranar 9 ga watan Nuwamba na shekarar 1934 a ƙauyen Sivo Bardo, cikin tsaunukan kudancin Bulgeriya. Mahaifinsa Atanas makiyayin tumaki ne, mahaifiyarsa Dafina kuma masaƙiya, kuma shi ne na huɗu cikin 'ya'ya shida waɗanda uku kaɗai suka kai munzali. Gidansu shi ne na ƙarshe kafin a fara hawan Farin Dutse, inda a wancan zamani ungulaye fiye da ɗari suke sheƙa ba tare da wani ya taɓa damuwa ya ƙirga su ba.

Karatu da aiki

Ya shiga makarantar ƙauyen a shekarar 1941, ya kammala aji bakwai a 1948, sannan ya bi tumakin mahaifinsa har lokacin da aka kira shi aikin soja a 1954. Bayan an sallame shi, an ɗauke shi gadin gandun daji a 1957, aka damƙa masa bindiga da alfadari da amalanke, da kuma wata rigar fatar tunkiya mai ruwan ƙasa wadda ta sauko masa har gwiwa. Wannan riga ita ya ci gaba da sawa tsawon shekara hamsin da biyu. An sake mata hannuwa sau biyu, an sake shafinta sau huɗu.

Aure da 'ya'ya

A watan Oktoba na 1958 ya auri Kalina, 'yar wani maƙeri daga ƙauyen da ke ƙetaren rafi. Sun haifi 'ya'ya uku: Boyan a 1959, Nevena a 1961, sai Ilko a ƙarshen 1962.

Shekarar guba

A watan Maris na 1963 umarni ya iso daga sama cewa masu gadin daji su baza nama mai guba domin rage kyarketai, waɗanda suka addabi garkuna a wannan hunturu. Manol ya zuba gubar cikin mushen jaki, ya ajiye shi a gindin Farin Dutse, ya koma gida. Da ya dawo bayan kwana uku sai ya tarar da kyarketai biyu, dila ɗaya, da ungulaye arba'in da uku a mace, sun kewaye jakin, fukafukansu a shimfiɗe, wuyansu a miƙe wajen naman. Shi kaɗai ya binne su cikin yini biyu. Rahoton da ya aika ya ambaci kyarketan kawai, domin takardar ba ta da gurbin rubuta tsuntsaye.

A shekarar da ta biyo baya ya hau dutsen domin ya ga sheƙa nawa suka rage. Ya sami uku. Wajen saukowa ya zame ya karye a ƙafar hagu, ɗorin kuma bai yi kyau ba, saboda haka daga nan har ƙarshen rayuwarsa yana jan ƙafar, kafaɗarsa ta dama tana sauka da kowane taku.

Fara ciyarwa

Daga 1965 ya riƙa bin gidaje yana roƙon a bar masa duk dabbar da ta mutu da ciwo ko tsufa. Kowace Talata da Asabar, da hantsi, yakan ɗora mushen a amalanke ya hau da shi wani falalen dutse kusa da sheƙunan, ya sauke, ya yi taku arba'in, ya zauna a kan wani dutse yana mai juya wa naman baya. Shekara biyu tsuntsayen suna shawagi ba su sauka ba. A watan Afrilu na 1967 ta farko ta sauka.

Da tafiya ta yi nisa sai suka gane amalanken da rigar, suka shiga bin sa duk inda ya nufa, ko da mushe ko babu. A kaka ta 1983 ya je duba abokinsa Kosta mai gyaran takalma, wanda ya daɗe a kwance. Matar Kosta ta ba da labarin cewa mijinta ya leƙa ta taga, ya ga ungulaye goma sha ɗaya suna kewaya rufin gidansa, sai ya ce:

"Kai Manol, ɗan banza, dubiya ka zo ko ɗauka? Gaya wa iyayen gidan naka su dakata, ban nuna ba tukuna."

Manol ya ce, "Kai da ba ka da naman da zai ishi miya? Wahalar saukowa kawai za su yi."

Suka yi dariya har tari ya sarƙe maras lafiyar. Kosta ya rasu bayan kwana biyu. A makon ne dattawan ƙauyen suka roƙi Manol cewa idan zai je dubiya ko jana'iza, ya tafi a ƙasa, kuma ya bar rigar a gida. Bai yi musu ba.

Iyalinsa ma sun ɗanɗana. A makaranta ana kiran Nevena 'yar mushe, kuma tana cika shekara goma sha takwas ta tafi birnin Plovdiv ta kama aikin ɗinki. Takan zo sau biyu a shekara, ba ta kuma zama cin abinci sai an fitar da rigar waje.

Ƙungiyar 'yan sa-kai

A watan Mayu na 1991, bayan ya yi ritaya, mutane goma sha huɗu suka kafa ƙungiyar sa-kai domin kula da Farin Dutse, ƙarƙashin jagorancin malamar makaranta Rositsa da likitan dabbobi Lyuben. Da hannunsu suka kewaye wurin da waya, suka gina rumfar ajiye mushe a bayan gari, kuma Lyuben ya riƙa duba kowace dabba kafin a hau da ita. Cikin shekara tara adadin ungulayen ya kai hamsin da takwas.

Kalina ta rasu a watan Janairu na 1994. Manol ya bi gawarta a ƙasa cikin dusar ƙanƙara da taguwa ɗaya a jikinsa, kuma ba a ga tsuntsu ko ɗaya a sama ba.

Tun shekarar farko littafin taron ƙungiyar ya nuna matsala guda: tsuntsayen ba sa sauka sai ga Manol. Rositsa ta gwada, Lyuben ya gwada, naman ya ruɓe a kan falalen. A 1996 aka sa wa Boyan rigar, aka ba shi amalanken. Shi dogon mutum ne mai tafiya a miƙe. Ungulayen suka yi shawagi na awa guda, suka watse. Da ya sauko mahaifinsa ya ce masa:

"Tafiya kake kamar za ka karɓi lambar yabo. Kana tsammani riga kaɗai suke kallo?"

A watan Fabrairu na 2001 ciwon huhu ya kwantar da Manol a asibiti mako shida. 'Yan ƙungiya suka ci gaba da kai nama, tsuntsayen suka ƙi sauka, yunwa ta kora su kwari, inda suka ci wani maraƙi da aka sa wa guba. Goma sha bakwai suka mutu. Ba a gano wanda ya ajiye maraƙin ba. Daga wannan shekara babu taron da aka tashi ba tare da an tambayi abin da zai faru ranar da babu Manol ba, kuma babu taron da ya samar da amsa.

Shekarun ƙarshe

A 2006, bayan rasuwar mijinta, Nevena ta dawo ƙauyen domin jinyar mahaifinta. Maƙwabta sun shaida cewa kullum cikin sa-in-sa suke, kuma idan ta so ba shi haushi takan kawo masa miya tana kwaikwayon tafiyarsa daga madafa har bakin ƙofa, ta ja ƙafar hagu, ta saukar da kafaɗa, har matan da ke leƙe ta shinge su fashe da dariya. Wata maƙwabciya ta ji ya ce mata wata rana:

"Ki biyo ni sau ɗaya tak, ki ga yadda ake yi."

Ta ce, "Baba, tun ina rarrafe nake kallon ƙeyarka kana hawa dutsen nan. Ba inda za ni."

"To in na mutu fa?"

"Sai su ɗauki azumi. Sha miyarka kafin ta huce."

Ya ci gaba da hawa ko da ya zama sai an ɗaga shi an ɗora a amalanken. Hawansa na ƙarshe shi ne ranar Talata, 3 ga Maris, 2009. Washegari ya kwanta bai ƙara tashi ba. Sau biyu 'yan ƙungiya suka kai nama cikin kwanakin, sau biyu aka bar shi ba a taɓa ba, kuma an fara hango tsuntsayen suna karkata wajen kwari.

Rasuwa da jana'iza

Manol Terziev ya rasu a gidansa da safiyar Juma'a, 13 ga Maris, 2009, yana da shekara saba'in da huɗu. An sa jana'izar washegari Asabar da hantsi.

Ruwan sama ya cinye gadar da ke ƙasan ƙauyen a wannan mako, motar ɗaukar gawa ba ta iya hawowa ba, kuma amalankensa kaɗai ya rage a Sivo Bardo. A kansa aka ɗora akwatin. Boyan ya shimfiɗa rigar a saman akwatin domin a binne su tare, yana cewa ta bi mai ita kowa ya huta da wari. Cikin ruɗanin ranar babu wanda ya tuna dalilin da ya sa shekara ashirin da biyar ba a yarda amalanken da rigar su kusanci maƙabarta ba.

Kafin a wuce coci ungulayen sun fara taruwa a sama. Rositsa ta ƙirga sittin da huɗu. Lokacin da aka sauke akwatin a bakin kabari sai suka yi ƙasa, suka jeru a kan katangar maƙabartar, dukkansu suna fuskantar akwatin. Limamin cocin ya tsaya a tsakiyar addu'a.

Nevena ta matsa ta janye rigar daga kan akwatin, ta sa, ta kama linzamin alfadarin.

Boyan ya ce, "Ke Nevena, ina za ki? Ko rami ba a sa shi ba!"

Ta ce, "Yaya, kun isa ku binne shi. Waɗannan kwana goma sha ɗaya ke nan ba su ci ba."

Lyuben ya bi ta har rumfar ƙungiya ya taya ta ɗora wata tunkiya da ta mutu tun Alhamis, sannan ya tsaya a nan da tabarau mai hango nesa. Daga maƙabarta ana ganin hanyar dutsen gaba ɗaya. Mutum bakwai daga cikin waɗanda suka halarta, kowanne an tambaye shi shi kaɗai, sun ce abin da suka gani ta baya Manol ne yake hawa, yana jan ƙafar hagu, kafaɗar dama tana sauka, alhali akwatinsa yana gabansu. Ungulayen suka riƙa tashi daga katangar ɗaya bayan ɗaya har ta zama wayam.

A cewar Lyuben, ta sauke tunkiyar, ta yi taku arba'in, ta zauna ta juya baya. Ungulu ta farko ta sauka da ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin. A daidai wannan lokaci ake zuba ƙasa a kabarin, kusa da na Kalina.

Waɗanda ya bari

Ya rasu ya bar 'ya'ya uku da jikoki bakwai. Boyan tsohon direba ne, yana zaune a birnin Burgas. Ilko yana aikin gini a Sifaniya, bai samu zuwa jana'izar ba. Nevena tana gidan mahaifinta, ita ke hawa da amalanken kowace Talata da Asabar, kuma ƙidayar da ƙungiyar ta yi bara ta nuna ungulaye casa'in da ɗaya a Farin Dutse.

Tun daga ranar jana'izar Nevena take jan ƙafar hagu, a kan dutse da cikin gida da kasuwa, da rigar ko babu. Likitoci biyu sun ɗauki hoton ƙafar ba su ga komai ba. Idan an tambaye ta takan ce ba ta yi mata ciwo, ita dai ta manta yadda take tafiya a da.