Faifan da Ya Ce Lafiya Lau

Ni ba ɗan boko ba ne. Malamin da aka kai ni wurinsa ya riga ni gajiya, na ƙare a dillancin awaki. Don haka da kwamfuta ta shigo gidanmu a Abbare, kallonta kawai nake yi daga nesa, kamar suruka.

Ta 'yata ce, ta bar mana ita da ta yi aure. A ciki ta naɗi muryar uwarta, Allah ya jiƙanta: hirarta, da waƙoƙin Fulatanci da take yi in tana tankaɗe. Bayan rasuwarta na koyi danna wuri ɗaya tak, in zauna in saurara.

Bara na'urar ta soma wani ƙas-ƙas, muryar tana tsayawa a tsakiyar magana. Na naɗe ta a darduma na kai wa wani mai gyara a unguwar Sarkin Dawaki, ɗan ƙabilar Mumuye ne mai furfura a gemu.

"Baba, faifan ajiya ne," in ji shi. "A nan komai yake kwana. Bari mu tambaye shi."

"Yana magana ne?"

"Yana riƙe da labarin jikinsa: zafin da ya sha, daɗewarsa a aiki, inda ya taɓa tuntuɓe."

Ya buɗe wata manhaja. Kafin in gyara zama ya ce faifan ya amsa, wai lafiyarsa lau.

Matata ma haka take cewa. Tana riƙe da bango kafin ta kai ƙofa, in maƙwabciya ta gaishe ta sai ta ce lafiya lau. Haka aka koya mana amsa gaisuwa, ni kuma na yarda da ita har lokaci ya ƙure.

Na ce, "Injiniya, wannan gaisuwa ya amsa maka. Ba ka da wanda zai taɓa jikinsa?"

Ya ce akwai gwajin da ke bin faifan lungu-lungu yana karanta ko'ina, amma yana wahalar da marar lafiya, yana iya ƙarasa shi. Sai a fara kwashe abin da ke ciki zuwa wani sabo, sannan a gwada. Na ce ya kwashe.

Da aka zo gwajin, fuskar kwamfutar ta cika da ƙananan gidaje kamar na dara. Kore na bin kore, har na fara yi wa kaina dariya, tsoho ya tayar da hankalin mutane a banza. Bayan la'asar ja ya fito. Wani ya biyo shi, sannan suka jeru.

"Nan ya ruɓe, Baba. Abin da ke wurin bai kwasu ba."

Muka kunna sabon muna dubawa. Faɗan da ta yi mini ranar da na shigo da bunsuru tsakar gida ya ci mata shanya, yana nan garau, ko tari bai ɓace ba. Injiniya ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Waƙar da ta koya a bakin kakarta ce ta faɗa cikin ja. Ta ɗauko ta, ta kai inda take jan numfashi, sai shiru. Na kira 'yata a waya na rera mata farkon da muryata ta dillali. Ta ce ita ma iyakar abin da ta riƙe ke nan.