Abin da Ke Ƙarƙashin Motar Surukina

Shekarar da autata ta zo goyon ciki gidana a Argungu ce na fara sa wa mijinta ido. Kafin nan ba ni da abin faɗi a kansa. Direba ne, yana da tsohuwar a-kori-kura mai shan gas, yana ɗauko albasa da shinkafa daga Augie ya kai Birnin Kebbi, can unguwar Nasarawa inda suke zaune. Ta garinmu hanyarsa take, don haka ba ya wucewa bai tsaya gaisuwa ba. A da in ya zo, ya kashe mota, ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa nesa da ni yana kallon ƙasa, mu gaisa har gaisuwa ta ƙare mu ɗauko wata. Haka surukuta take a wurinmu. Ba na kiran sunansa, ba na tambayarsa abin da ya wuce lafiyar mutanen gida da lafiyar hanya.

Ana tsakiyar bazara, albasa ta fito, yarinya ta sauka lafiya, aka samu namiji. Daga nan na ga mutum ya sauya. Ya daina kashe mota. Sai ya tsaya a ƙofar gida ya bar ta tana kwar-kwar-kwar, hayaƙi na shigowa har bakin murhun da nake dafa ruwan wankan jego. Ya shigo da sauri, gwiwa ɗaya ce take taɓa ƙasa, ya ce ina wuni Inna, ya leƙa ɗansa, ya fita. Ruwan da aka kawo masa ma a tsaye yake sha. Kunnensa kullum yana waje.

Sannan ga wasu ƙarti biyu da yake yawo da su a bayan mota. Ba sa shigowa gaisuwa, ba sa sauka. Suna zaune bisa buhuna suna kallon hanya.

Ranar suna dole ya wuni. Na ce yau zan gani. Sai ga shi bai ajiye motar a ƙofar gida ba, ga fili ga inuwar darbejiya, ya tafi da ita can ƙarshen unguwa, inda hanya ta gangara zuwa fadama, ya juya hancinta ƙasa, ya sa dutse a taya. Da yamma, ana rabon nama, na fita zubar da toka, na hango shi kwance a ƙarƙashinta da sabuwar shaddarsa, riƙe da wani guntun ƙarfe, yana ƙwanƙwasa wani abu. Ya fito yana waige-waige, ya kakkaɓe riga.

Ni ban shiga aji ba, amma ba a Argungu na fara jin labarin direbobi ba. Mun san masu bin hanyar iyaka da mai a jarkoki, mun san masu ɓoye ƙwaya a inda ido ba ya kai. Wata maƙwabciyarmu haka ɗanta ya tafi da mota da safe, sai labari aka kawo mata yana tsare, matarsa da goyo. Mutumin da ba ya kashe mota, mai ajiye ta inda za ta tashi da gudu, mai yawo da ƙarti, mai shiga ƙarƙashi yana waige, me za ka kira shi? Na haɗa wannan da wannan, abin ya zauna mini daram.

Abin da ya hana ni barci shi ne, in ta yi arba'in zai zo ya ɗauke ta ita da jaririn, kuma a wannan motar. Mahaifinta ya rasu. Ba mai fitar da mai jego daga gidan nan sai na ce to. Na ƙudura a raina ba zan ce ba.

Na fara da ita. Tana shan kunun kanwa na ce, “Ke, mi mijinki ka ɗauka ban da albasa?”

Ta ce, “Shinkahwa mana, Inna.”

“Su wa ye waɗanga da ba su iya gaisuwa ba?”

“Inna, wata nawa ina nan gabanki? Ina zan sani?”

Gaskiyarta. Tun cikinta na wata bakwai take wurina. Amma na ga yadda ta sunkuyar da kai, na ce ko ta sani, ko ba ta son ta sani.

Sai na aika wa ƙanena. Shi ne kawun yara, shi ke magana da suruki a madadina. Manomin shinkafa ne, mutum mai sanyin hali har ya yi yawa. Na zayyana masa duk abin da na gani. Ya yi dariya har da buga cinya.

“Yaya, ke ko kaza ta gitta sai kin tambayi wa ya aiko ta.”

Na ce, “Yi dariyarka. Ranar da anka zo nemanai, kai za ka tahi beli, ba ni ba.”

“To mi kike so in yi? In hau mota in zazzage buhunan mutane?”

“In ya zo ka ce mashi hayaƙi na damun yaro, ya kashe ta. Ka ce na yi tuwo, sai ya ci. In gani ko ƙasa za ta tsage.”

Ranar da ya dawo daga Augie da lodi, rana ta take, ƙanena na zaure yana jiransa. Ni ina bayan ƙofa, inda katako ya tsage. Na ji ya faɗa masa. Surukina ya waiga wajen mota. Ya ce, “Kawu, bari in kai ta can gangare.” Ƙanena ya ce, “Da lodin ga? Kashe ta nan, ba mai ɗauke maka.” Na ga ya kalli ƙartin nan biyu, su ma suka kalle shi. Na ce a raina, ahaf. Ya miƙa hannu ya murɗa makulli. Unguwa ta yi tsit, har na ji kukan kurciya.

Tuwon shinkafa ne da miyar kifi. An dawo mini da kwano kusan yadda na aika shi.

Bayan la'asar ya yi sallama ya shiga mota. Ya murɗa makulli. Ƙas. Ya sake. Ƙas. Ba gurnani, ba komai, ƙas kawai, kamar an ɗora murfin kwano. Ya fito da guntun ƙarfen nan daga ƙarƙashin kujera, ya kwanta a rairayi ya shige, yana ƙwanƙwasawa ɗaya daga cikin ƙartin yana murɗawa. Sau ɗaya ta yi wani nishi mai nauyi kamar tsohuwar saniya, ta koma shiru. Suka gwada turawa, su uku har da ƙanena. Rairayi ne, ga albasa har sama. Ko motsi.

Ƙanena ya hau mashin ya ɗauko wani tsohon makanike na bakin tasha, mai farin gemu da baƙin hannu. Na ji daɗin zuwansa don dalili ɗaya: zai shiga ƙarƙashi, kuma ni da shi ba kunya tsakaninmu, zan iya tambayarsa.

Surukina ya tare shi da cewa batir ne, ya riga ya sauya ɗaya ma bai yi ba. Tsohon ya ce, “Kai ka gane ciwon ka kira ni in yi mi? Kunna hitila.” Aka kunna fitilun gaba da rana tsaka. Ya tsaya gabansu ya kare da tafin hannu ya ce a murɗa. Ƙas. Ya ce, “Kun gani? Hitila ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Da batir ne ya yi sanyi, da kun ga ta yi ja ta dushe. Wuta na nan, mai shan ta ne ba ya sha.”

Duk da haka ya kwance kan batir ya kankare, ya bi wata waya mai kauri yana jijjigawa har inda ta kama jikin mota. Yana yi yana tambaya kamar mai duba. Ta fi ƙi in ta yi zafi? E. In an ƙwanƙwasa takan tashi? Da tana tashi, yanzu sai an daɗe. Kafin ta fara ƙas ɗin nan, tana jan murya da nauyi? E, tun damina.

“Tun damina! Ita tana hwaɗa maka tana ciwo, kai kana ba ta kashi.”

Ya kwanta ya shige da sifana. Na ji ya ce kowa ya ɗauke hannu, ya haɗa wasu ƙarafa biyu, ɗan tartsatsi ya fito, ba abin da ya juya. Ya ce daga can ƙasa, “Kik ne. Ya ƙare.” Ƙanena ya juyo wajen ƙofa ya yi mini bayani kamar ban ji ba: wai kik shi ne ɗan injin da ke murɗa babban inji ya tashi, in ya tashi kuma aikinsa ya ƙare sai an sake kashewa.

Da ya ciro shi ya ce zai tafi da shi shago. Nan na ja mayafi na fito. Na ce, “A buɗe shi nan.”

Ya ce, “Inna, ba ki yarda da ni ba?”

“Ban san ka ba balle in ƙi yarda da kai. Buɗe.”

Ya shimfiɗa buhu ya kwance shi. Abu ne kamar ɗan ƙaramin turmi, mai nauyi. Yana zare murfi baƙin gari ya zubo. Ya nuna mini wasu 'yan gawayi guda huɗu, ya ce da tsawonsu ya kai gaɓar yatsa, yanzu ga su kamar ƙwayar gyaɗa, ba sa kaiwa jan ƙarfen da ya kamata su goga. Duka da ƙarfe yakan sa su ɗan taɓa, shi ya sa take tashi. Jan ƙarfen ma ya yi rami. Ya kama sandar tsakiya ya girgiza, tana rawa kamar haƙorin tsoho. Na sa yatsa na shafi garin na shinshina. Ƙauri ne kawai.

Na ce, “Ban da wanga, mi ka gani can ƙarƙashi?”

“Laka ta hwadama da baƙin mai.”

“Ba wani abu ɗaure? Ba wani aljihu da anka yi ma ƙarhe?”

Tsohon ya kalle ni, ya kalli surukina, ya mai da kansa kan aikinsa. Ƙartin nan biyu, waɗanda ashe masu lodi ne da yake riƙewa don turi, ɗaya ya toshe baki da hula. Surukina ya gane. Na ga kunnuwansa sun motsa. Ya durƙusa, wannan karon gwiwa biyu, amma ƙanena ya fuskanta.

“Kawu, a hwaɗa ma Inna, wallahi ban taɓa ɗaukar abin da ba a sayarwa bainar jama'a ba. Wani ya ce mini inji ne ya tahi, in na kai gareji sai albasa ta ƙare ba su sake ta ba. Kuma ni, Kawu, a ce ana tura ni ƙohwar gidan surukai, mata na leƙe?”

Ni ma ƙanena na fuskanta. Na ce, “Hwaɗa mashi na ji. Ka tambaye shi, da ta mutu mashi tsakanin nan da Birnin Kebbi, rana bisa kai, ɗiyata da ɗanyen jiki, yaro ko arba'in bai rufe ba, wa za shi tura? Kunyar tai za ta yi musu inuwa?”

Zargin da na yi bai tabbata ba, na sani. Amma raina bai yi fari ba. Wata da watanni yana ɗauke da abu yana ɓoyewa, ya gwammace in ɗauke shi marar ladabi da in ga ana tura shi. Wannan ma abin sa ido ne.

Kafin tsohon ya tafi da kik ɗin na shiga ɗaki na ɗauko jan fentin da nake sa wa gindin kwanukana in za a ara don biki. Na ɗiga masa ɗigo uku a jiki. Ya ce, “Inna, ko tukunyar anguwa ce?” Na ce, “Wanda ka ɗauka shi za ka maido, ba ɗan'uwanai ba.” Washegari ya dawo da shi da sababbin gawayi, ɗigona na nan, ya ɗaura. Motar ta kwana ƙofar gidana, unguwa duk warin albasa.

Da arba'in ta cika ya aiko ƙanena neman rana. Na ce rana tana da sharaɗi. Sai dai ya zo da hantsi, shi kaɗai, ba masu turi. In ya zo kuma ya tsaya cikin rairayin nan, hancin mota na kallon katanga, ya kashe ta tun tana da zafin hanya. Ƙanena ya ce, “Yaya, wannan ai jarrabawa ce.” Na ce ban san ta ba, ban yi boko ba.

Ya zo yadda na ce. Aka loda gara, buhun shinkafa, man shanu, kwanukan yarinya. Matan da za su raka ta suka hau baya suna ta surutu. Ita tana tsaye a zaure da mayafi, jaririn kuwa yana hannuna, ban miƙa shi ba. Na ce wa ƙanena, “Ya tada ta tukuna.”

Ya murɗa. Ta kama nan take. Na ce a kashe. Ya kashe. Na bari har matan baya suka fara tsaki, sannan na ce a sake. Ta sake kamawa, ba nishi, ba jan murya.

Na duba fuskar jaririn na ce, “To maigida, ka samu mota ka guje ni.” Na sa shi a hannun uwarsa. Na ce mata a kunne, in ta ji wani sabon ƙara a motar nan, ko a gidan nan, kada ta jira ya faɗa mata, ta aiko mini. Ta ce, “Inna, ke dai.” Ta shiga gaba, ya rufe mata ƙofa, suka ɗauki hanyar Birnin Kebbi.