Ƙullin Masunta

Wata Asabar da hantsi, a daminar da na shiga aji shida, can ƙarshen shekarun saba'in, Yaya Talatu ta tsinke zaren littafinta a gindin mangwaron gidanmu da ke Dutsen Kura, sai ga tabon manja a shafin da bai kamata a ce wani ya taɓa ba. 'Yar maƙwabcinmu ce, ta girme mu, ita ke karanta mana, mu yaran unguwa, wani tsohon littafin labari mai yagaggen bango, babi ɗaya kowace Asabar bayan mun gama shara da ɗiban ruwa. Dokarmu ita ce a ɗaure sauran shafukan da zare, kowa ya faɗi abin da yake zaton zai biyo baya. Ni ta ba ajiyar littafin, don a cewarta ba na ƙarya.

A wajen hasashe babu kamar aminina Ndagi, ɗan masunta da suka zo daga Bida. Muna ganin baran attajirin cikin labarin mutumin kirki ne, sai Ndagi ya ce, "Sau uku fa yana tambayar inda ake ajiye makulli. Ina ruwan mai ladabi da makulli?" Mako na zagayowa maganarsa ta tabbata. Na yi ta alfahari da shi har a filin ƙwallo. Kusan kullum yakan zo ya taya ni jan ruwa a rijiya, ya ce in kai wa Inna bokitin, shi zai jira ni a zaure, inda akwatin littattafaina yake.

Da Yaya Talatu ta ga tabon ta ce, "Sale, a hannunka yake kwana. Ka ci amana." Na dubi Ndagi don ya shaide ni, sai ya sunkuya yana ƙwaƙular ƙasa. Aka kore ni daga zaman karatun, saura babi biyu a gama. Na tsinci zaren da ta yar, na ga ƙullin ba nawa ba ne, irin wanda masunta ke yi wa raga ne. Da la'asar na kai wa Ndagi zaren har gida. Ya ce, "Ai kai ma kana jin daɗi in ana yabona."

Daga baya na zauna da masu karatu a Khartoum da Yamai, na ji suna gardama da Larabci da Faransanci kan yadda marubuci ke ɓoye alama tun farkon labari. Jikokina kuwa a waya suke duba ƙarshen labari kafin su fara, ba mai ɗaure shafi balle a ci amanarsa. Na sha ganin littafin nan a shaguna, amma babi biyun har yau ban karanta ba. Makulli sau uku marubucin ya ambata, zaure kuwa kullum Ndagi ke nuna mini, ban gane ba.